Kwalbatin da Muka Binne da Hannunmu

Yau da hantsi na shiga Ci-Takalmi da takalmi biyu, na fito da ɗaya. Na tsaya a bakin ruwa, wando a naɗe, laka har gwiwa, ina lalube da sanda ko Allah zai sa in dace. Wasu mata da ke wanki can gefe suna ta yi min sannu, irin sannun nan da dariya ke leƙowa ta ƙarƙashinta. Ɗaya daga cikinsu ta ce in yi haƙuri, na mijinta ma yana ciki tun bara, wataƙila su haɗu su cika ƙafa biyu. Na cire ɗayan na bar musu, na kama hanyar Maruda ƙafa ba takalmi.

Ga wanda bai san wurin ba, Ci-Takalmi wani kwazazzabo ne da ya raba tungarmu da hanyar Maruda. Da rani rami ne kawai, jaki yana gangarawa ya haura ba sai an buge shi ba. Da damina kuwa shi ne hukuma. Shi ke cewa wa zai je kasuwa, wa zai kai mara lafiya Gwandu, wa zai zauna gida ya jira ruwa ya janye. Sunan tungar tamu ba zan faɗa ba. In kun kai ƙarshen rubutun nan za ku ba ni gaskiya.

Ba yawo ya fitar da ni ba. Dattawan gari ne suka aike ni in ba Malama Rifkatu haƙuri, kada ta bar mana makaranta. Ita kaɗai ce malamar da ke zuwa firamarenmu. A takarda an ce su huɗu ne, sauran ukun mun san sunayensu, har akwai wanda ya rantse ya taɓa ganin ɗaya a wajen ɗaurin aure. Malama 'yar ƙasar Zuru ce, aikin mijinta ya kawo su Maruda. Shekara bakwai tana tsallake ramin nan, zuwa da dawowa, takalmi a hannu, jaka a ka. Bara ta zame a ciki ta goce a gwiwa, ta yi wata guda a kwance. Da ta tashi ta gaya mana, ba da faɗa ba, cewa in wata damina ta same mu ba kwalbati za ta nemi a canza mata wurin aiki. Yara sittin da 'yan kai ne a hannunta, har da ɗiyata Surayya da ke aji biyar, wadda ita ce mace ta farko a gidanmu da ta iya karanta takardar magani.

Abin da ke ƙona min rai, jama'a, shi ne kwalbatin nan ya shiga kasafin kuɗi. Wallahi ya shiga, da idona na gani. Ba ɓarawo ne ya cire shi ba, ba kuma ɗan kwangila ba. Mu muka cire shi, da shebur da kwando, har da makaɗa.

Shekara shida Malama tana rubuta wasiƙa muna dangwala yatsa. Ƙarshen bara sai ga wani surukina mai aikin masinja a birni ya turo min hoton wani shafi na kasafin a waya. Can ƙasa, tsakanin sayen labule da fentin wani ofis, ga sunan tungarmu, ga kalmar kwalbati a gabansa. Na yi ta yawo da wayar gida gida har caji ya ƙare. Waɗanda ba su iya karatu ba su ma sai da suka karɓa suka duba, suka ce tabbas shi ne.

Ana cikin wannan murna rediyo ya sanar cewa bana shekarar tsuke bakin aljihu ce. Masu yi mana doka sun ɗau alkawari ba za su sa hannu a kan ko kwabo ba sai sun je sun gani da ido, sun kuma ji daga bakin talaka. An kafa kwamiti, aka ɗora masa wani bawan Allah da zan kira Mai Girma Alhaji Mai Almakashi. Ni fa na yaba. Na ƙara yabawa da na ji sun tafi wani babban otal a wata jiha mai nisa sun kwana biyar suna koyon yadda ake tsimi. Matata Inno ta ce ita a bakin murhu ta koya, kuma ba a ba ta kuɗin kwana ba. Na ce mata tsimin gwamnati daban ne, sai da sanyin na'ura yake shiga kai.

Takarda ta iso cewa kwamiti zai zo mana ranar Laraba. Baba Hamidu, mai unguwarmu, ya tara mu a ƙofar masallaci bayan la'asar. Kuna tsammani abin da za mu gaya musu muka fara tattaunawa? Ina. Tambayar farko ita ce ta ina motocinsu za su wuce. To, sai na ɗan yi wa baƙin wannan yanki bayani. Mu in baƙo zai zo, shara ake yi, a ari tabarma a maƙwabta, a ari kwano mai murfi, a yanka kazar da ita kaɗai ta rage. In ya tambayi gida a ce lafiya lau, ko da jiya ba a ɗora tukunya ba. Da a ji a kasuwar Kambaza cewa manyan mutane sun zo ƙofarmu motarsu ta maƙale har sai da suka naɗe wando, gara mu tashi daga garin.

Malama Rifkatu ta zo ta tsaya daga gefe, ta jira maza suka gama, sannan ta nemi izini.

"Baba, ramin nan fa suka zo gani," in ji ta. "In kun cike shi, me za su gani?"

Baba Hamidu ya gyara zama, ya dube ta da tausayi irin na wanda zai yi wa yaro gyara.

"Malama, har yanzu ba ki gama sanin halinmu ba. Mutum shi taso tun daga birni saboda mu, mu bar motarshi ta kahe ƙofar gidanmu? Mi za a ce da mu?"

Nan ne wurin da zan so in tsallake, amma na yi alkawarin faɗin gaskiya. Ni na miƙe. Ni Haliru, da bakin nan nawa, na yi jawabin da ya fi na kowa tsawo. Na ce manya mutane ne masu hankali, da sun ga sabuwar ƙasa za su gane aikinmu ne, tausayinmu ya kama su, wataƙila ma su mayar da kwalbatin gada. Na ce Malama ta riƙe alli ta bar mana siyasa. Aka yi ta ce min madalla, har wani ya ce dama an san ni da hangen nesa. Malama ta gyara gyalenta ta tafi.

Kwana uku muka yi muna gayya. Lokacin ban ruwan albasa ne, amma kowa ya bar fadamarsa. Amalanken shanu na jido marmara daga tudu, jakuna na kawo duwatsu, an cika tsofaffin buhunan taki da yashi an jera. Makaɗa na zuga mu, mata na aiko da fura da kunu, har mutanen Ceberu suka ji labari suka zo taya mu. Tun da nake ban taɓa ganin mun haɗa kai haka ba, ko a zaɓe, ko a rabon taki. Ranar ta uku aka yayyafa ruwa aka daɓe wurin kamar tsakar ɗakin amarya.

Sai wani dattijo ya tsaya ya ƙare wa aikin kallo ya girgiza kai. Ya ce jar ƙasar nan ta cika sabunta, duk wanda ya gani zai san wahala aka sha, kuma nuna wa baƙo wahalar da aka sha dominsa gori ne. Kowa ya ce gaskiya ne. Aka ɗebo tsohon rairayi aka watsa a kai, aka zuba kashin awaki nan da can, aka kora garken shanu suka bi ta kai sau huɗu. Kafin magariba wurin ya koma kamar tun zamanin kakanni haka yake. Na tuna jawabina na sabuwar ƙasa da za a gani a tausaya mana. Amma mutumin da aka ce yana da hangen nesa ba ya komawa baya, sai na ɗauki kwando na taya watsa rairayin.

Laraba da azahar suka iso, mota goma sha ɗaya, gilasai baƙaƙe, jiniya na kuka. Muna tsaye muna kallo suka bi ta kan Ci-Takalmi ko birki ba wanda ya taka. Baba Hamidu ya matse min hannu don daɗi. Suka sauka a filin makaranta inda muka kafa rumfa, aka yi gaisuwa, aka zauna. Mai Almakashi mutum ne mai fara'a, ba zan ci amanarsa ba. Ya waiga hagu ya waiga dama, ya tambaya ina ramin da ake ta rubuto musu.

"Ranka shi daɗe, ai ta kanshi kunka biyo," in ji Baba, yana murmushi yana sunkuyar da kai.

Mai Almakashi ya dubi sakatarensa. Sakatare ya buɗe littafi ya yi rubutu mai ɗan tsawo. Ni a lokacin na ɗauka yabonmu yake rubutawa, ashe ban yi kuskure ba.

Daga nan Mai Girma ya tambaya ko muna da wani kuka. Nan ma akwai ƙa'ida a wurinmu. In babba ya tambaye ka damuwarka, karon farko ka ce Alhamdulillahi. Ya sake tambaya, ka ce babu komai sai alheri. Sai ya matsa a karo na uku, ya nuna da gaske yake, sannan ka yi ajiyar zuciya ka ce to, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba, ka kwance bakin buhu. Baba Hamidu ya yi mako guda yana haddar amsa ta uku. Ya tanadi labarin gwiwar Malama, da matar da ta haihu a bakin ramin, da albasar da ta ruɓe a gida. Aka tambaye shi, ya ce Alhamdulillahi, ya gyara murya yana jiran tambaya ta biyu. Mai Almakashi ya ce madalla, ya dubi agogo.

Za ku ce ina Malama? Can ƙarshen fili muka ajiye ta da yara suna waƙar maraba, kuma ba zan ɓoye muku ba, da gangan muka yi, don kada ta ba mu kunya. Kafin ta sallami yaran ta ratso taro, an riga an buɗe kwanoni. Ba a tsayar da baƙo da magana yana cin abinci. Suka ci tuwon shinkafa da zabbi, suka sha fura, aka sa musu albasa a bayan mota. Tafiyarsu ta fi zuwansu sauri. Mun kwana ranar muna cewa an fita kunya.

Bayan mako biyu aka kira taron jin ra'ayin jama'a na yankinmu a Kalgo. Mu goma muka yi shatar mota tun bayan asuba, Malama ta biyo mu ta zauna gaba. An ce ƙarfe goma, aka fara ƙarfe ɗaya. Kujerun gaba masu laushi na waɗanda suka zo jin ra'ayi ne da abokansu da direbobinsu. Mu masu ra'ayin muna baya a kujerun roba, wasu a tsaye, wasu a taga. Gabatar da manyan baƙi da sarautunsu ya ci awa guda. Saboda tsimi aka ce mutum biyu su raba gorar ruwa ɗaya, dokar da ta fara aiki daga layi na biyar zuwa baya.

An dai ba jama'a dama, kada in yi musu ƙazafi. Wani masunci ya yi magana a kan gaɓar kogi da ke zaizayewa, aka ce an ji. Wata baiwar Allah ta ce ɗakin shan maganinsu ba rufi, aka ce za a duba. Wani ya karɓi abin magana ya yi ta yabon kwamiti har aka manta an ce minti biyu ne, shi ba a katse shi ba. Sannan Mai Almakashi ya miƙe ya ce yana so ya ba taro labarin wasu bayin Allah. Sai muka ji ya ambaci sunan tungarmu a lasifika.

"Sun rubuto suna neman kwalbati," in ji shi. "Muka je da kanmu, muka tarar da hanya sumul, sun gyara abinsu ba su jira gwamnati ba. Muka tambaye su ko suna da kuka, suka ce Alhamdulillahi. Don haka mun cire wannan aiki, mun tsimin ma jama'a dukiyarsu. Da kowa zai yi koyi da su, da an huta. Su miƙe a tafa musu."

Muka miƙe. Ni na riga kowa, ina gyara babbar riga, baki har kunne, ina ɗaga wa mutanen taga hannu. Zaure ya ɗauki tafi. Sai da na koma na zauna sannan kunnena ya isar wa kaina da kalmar nan ta cirewa. Na dubi Baba Hamidu, na ga shi ma saƙon ya iso masa, murmushin na nan a fuskarsa amma ba kowa a bayansa.

Malama ba ta miƙe lokacin tafi ba, sai da aka gama. Mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, ya ƙi miƙa mata abin magana. Bai san wadda ke koyar da yara sittin a ɗaki ɗaya ba ta buƙatarsa ba.

"Ranka ya daɗe, ƙasa ce kawai suka zuba saboda zuwanku. Ruwan farko zai kwashe ta."

Mai Almakashi ya yi murmushi. Ya ce shi dai da idonsa ya gani, kuma ga mai unguwa nan zaune, a tambaye shi in ƙarya aka faɗa. Idon zaure duka ya dawo kanmu. Jama'a, ga ƙofa an sake buɗe mana, ta biyu kenan. Amma ku auna: mutum ya zo garinka, ya ci tuwonka, ya yabe ka a lasifika, kai kuma ka tashi gaban mutanen Kalgo ka ce bai fahimta ba? Baba Hamidu ya miƙe a hankali ya ce, "A'a, ranka shi daɗe, gaskiya kaf faɗi." Malama ta juyo ta dube ni, tun da ni ne mai baki. Ni kuwa na sami wani abu mai ban sha'awa a ƙasan kujera na tsura masa ido.

An ba mu takardar yabo cikin gilashi, an ɗauke mu hoto. Daga baya surukina masinja ya gaya min almakashin ya yi aiki sosai a shafinmu, amma ya tsallake labulen, ya kuma tsallake sababbin motoci masu tudu da za a saya wa masu zagayen duba ayyuka, saboda hanyoyin karkara ba su da kyau. Ban ga laifinsu ba, mu shaida ne hanyoyin ba su da kyau. A hanyar dawowa Baba ya rungume gilashin a cinya. Sai da muka wuce Kambaza wani ya ce ko ba komai dai ba a zage mu ba. Malama ta ce wa direba don Allah ya kunna rediyo.

Ruwan farko ya sauka wata Juma'a da la'asar. Kafin a kira magariba gayyarmu ta kwana uku ta kama hanyar fadama, da marmarar da buhunan da kashin awakin. Duwatsun da muka jera suka karkatar da ruwa ya ci gefen gonar Baba Hamidu. Ramin da muka cike ya dawo da riba, faɗinsa ya kusa ninkawa.

Sai Allah ya sake kawo dama. Aka ce za a yi ƙarin kasafi saboda ɓarnar ruwa, kuma kwamitin zai sake zagayawa ya gani da ido. Takarda ta zo, sunanmu na ciki. Wannan karon mata ba su jira taron ƙofar masallaci ba. Inno ta tara su, suka bi gida gida suka kwashe duk wani shebur da diga da kwando, suka kulle a ɗakin Gwaggo Delu, tsohuwar da ko mai unguwa ba ya tsallake zaurenta sai da sallama uku. Suka aiko mana da saƙo cewa duk namijin da ya zuba ko tafin ƙasa a ramin nan ya nemi mai dafa masa. Malama kuma ta ce takardar canjin aikinta ta fito, amma za ta riƙe ta har kwamiti ya zo. In aka mayar da kwalbati, za ta yage ta.

Kwana biyar ɗin da muka yi muna jiran zuwansu ba ƙaramar azaba muka sha ba. Baƙi na tafe, ga abin kunya buɗe a ƙofar gari, an ɗaure mana hannu. In za mu wuce ta wurin sai mu kau da kai. Baba Hamidu ya daina cin abinci sosai. Wata safiya aka kama shi a bakin ramin yana tura 'yan tsakuwa da ƙafa, hannu a baya, kamar mai shan iska. Gwaggo Delu ta tsaya a kansa har sai da ya shiga ya tsince su. Ni ma nan na sami kaina ina auna wurin da ido, ina lissafin amalanke nawa zai ci. Amma mun daure. Tun kafuwar tungar nan ba a taɓa irin wannan jarunta ba.

Ana gobe za su zo sai ga wani mutum a ƙaramar mota, ɗan share fage, wanda aikinsa shi ne ya riga manya ya duba hanya. Ya tsaya a wancan gefen ya leƙa ramin, ya ja da baya. Ya ɗaga murya ya tambaya ko akwai wata hanyar, muka ce babu, muna jin daɗi a karon farko da faɗin haka. Ya girgiza kai ya ce gaskiya ba zai iya kawo masu girma nan ba, in mota ta faɗa shi za a kora. Ya yi mana jaje sosai, mutumin kirki, ya juya.

Washegari duk da haka muka sa manyan riguna muka jera tabarmi a bakin ramin, Malama na wancan gefen zaune a kan dutse da laima. Mun zauna har azahar. Ashe an karkatar da su wani gari da ke bakin kwalta, can suka ji ra'ayin jama'a. Da yamma rediyo ya ce kwamiti ya ziyarci duk inda ya kamata, kuma jama'a sun nuna gamsuwa. A rahotonsu, in ji surukina, gaban sunanmu an rubuta cewa ba a sami damar tantancewa ba. Abin da ba a tantance ba kuwa dokar tsimi ta hana a sa masa kuɗi.

Na kai wa maƙwabcina Abu mai shayi wannan lissafi ko zai warware min. Na ce in mun cike sun zo, sai su ce ba rami. In mun bari, ba za su zo su ga ramin ba. Abu ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce kuskurenmu shi ne wuce gona da iri, a cike rabi kawai, yadda za su iya shigowa amma ba za su iya fita ba. Ya ce in suka kwana biyu a tungar nan da sauronmu, gada za su rubuta. Shawarar ta shiga kaina. Muka yi gardama a kan wane rabin za a cike har shayina ya huce.

To, haka na isa Maruda yau. Na tarar an ɗaure kaya a tsakar gida, an ba Malama wata makaranta a wajen Kalgo, daf da titi. Ta ga ƙafafuna, ta kawo min ruwa a buta da kujera, ba ta yi dariya ba. Na isar da saƙon dattawa kamar yadda aka ba ni, da gaisuwa da addu'a da kewaye-kewaye, na yi ta zagaye maganar ban taɓa ta ba. Ta saurara har na gama. Ta ce gwiwar ba ta barinta barci in ta shiga ruwan sanyi, kuma likita ya ce in ta sake faɗuwa sai dai sanda. Sannan ta tambaye ni, sau ɗaya, ko akwai abin da ke raina.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ji bakina ya ce, "Akwai, Malama. Don Allah kada ki tafi. In kin tafi an rufe makarantar nan ke nan, ba mu da kowa sai ke."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Malam Haliru, da a Kalgo ka faɗi haka."

Ta shiga ɗaki ta fito da makullin makaranta, ɗaure da wani tsohon ƙyalle, ta sa min a hannu. Ta ce Surayya tana da kai, kada in bari ta zauna, in kai ta wajen ƙanwata a Gwandu ko da a tabarma za ta kwana. Ta lissafo min wasu yara shida da sunayen iyayensu, ta ce in gaya musu haka su ma. Na yi mata godiya.

Da na dawo, yaran suna tsaye a bakin ramin ta gefenmu, wasu da jakunkunan buhu a wuya, sun ji an ce na je ɗauko Malama. Suka leƙa bayana, suka ga ba kowa. Surayya ta karɓi sandata ta wuce gaba, sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Makullin na aljihuna yanzu da nake wannan rubutu. Duk mai lambar wayar Mai Girma Mai Almakashi ya taya ni yi masa albishir: makaranta a kulle ba ta cin alli, ba ta neman benci, rufinta ma in ya yaye ba mai rubuto wasiƙa. Mun sake yi masa tsimi, kuma wannan karon ba sai ya wahalar da kansa ya zo gani ba.